Ra'ayinmu: Biyayya ga shugaban coci tana da iyaka

A watan Afrilu na shekarar 2023 ne 'yan sandan ƙasar Kenya suka kutsa cikin wani daji mai suna Shakahola, a yankin Kilifi da ke gaɓar teku, ba nisa da garin Malindi, bayan da labari ya iske su cewa akwai mutane a ciki suna mutuwa da yunwa bisa umarnin fastonsu. Mutum 15 suka fara tararwa a kwance, fata ta manne wa ƙashi, huɗu daga ciki kuma suka cika a ranar. Da aka shiga tono a gindin itatuwa sai ga kaburbura, wani da gawa ɗaya, wani da iyali guda, iyaye da 'ya'yansu. Kafin shekarar ta ƙare an tono gawarwaki fiye da 400, da yawa daga cikinsu na ƙananan yara. Likitan gwamnati da ya jagoranci binciken gawarwakin, Johansen Oduor, ya bayyana cewa yunwa ce ta kashe mafi yawansu, amma akwai waɗanda aka shaƙe, akwai kuma waɗanda aka yi wa duka. A shekarar 2025 an sake gano wasu kaburburan a ƙauyen Kwa Binzaro da ke cikin wannan yanki, abin da ya nuna cewa kama mutum ɗaya bai kashe wutar ba.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa ɗan kasuwar Konni ko Illela, ko Jibiya ko Gaya, da wani daji a gabashin Afirka. Amsarmu ita ce Kiristoci abokan cinikinmu ne, maƙwabtan rumfarmu ne, wasunsu kuma Hausawa ne 'yan uwanmu na jini, masu karanta wannan shafi kamar kowa. Haka kuma wa'azi a yau ba ya neman fasfo, ba ya tsayawa a shingen duwan. Ta tauraron ɗan Adam da wayar hannu yake shiga har ɗakin kwana. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mutumin da ake zargi da wannan ɗanyen aiki, Paul Nthenge Mackenzie, tsohon direban tasi ne wanda ya kafa cocinsa mai suna Good News International a Malindi a shekarar 2003. Bai fara da cewa mutane su daina cin abinci ba. Da ya fara da haka, da babu wanda zai bi shi. A hankali ya riƙa ja. Ya ce makarantar boko aikin Shaiɗan ce, iyaye suka cire 'ya'yansu. Ya ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, marasa lafiya suka zauna a gida. Ya ce sabuwar lambar shaidar ɗan ƙasa da gwamnatin Kenya ta fito da ita alamar maƙiyin Almasihu ce, mabiya suka ƙi yin rajista. Ya hana mata kwalliya da ƙarin gashi. Kowane umarni daga cikin waɗannan yana yanke wata igiya da ta ɗaure mabiyi da sauran jama'a: malamin makaranta da zai lura yaro ya rame, likitan da zai yi tambaya, dangin da za su ce wannan abu ya yi yawa. A shekarar 2019 ya sanar da rufe cocin, ya koma daji, mabiya suka sayar da filaye da gidaje, wasu suka ajiye aikin albashi, suka bi shi. Jaridun Kenya sun ba da labarin har da ma'aikaciyar jirgin sama a cikin waɗanda suka bar aiki suka tafi, don haka kada a ce jahilci ne kawai.

A can cikin dajin ne, kamar yadda tsofaffin mabiyansa suka shaida, aka ba da umarnin ƙarshe, cewa duniya ta zo ƙarshe, a yi azumi ba buɗe-baki har a mutu don a sadu da Yesu. Kuma an tsara abin bi da bi: yara su fara, mata su biyo, maza su zo daga baya, shugaba shi ne na ƙarshe. Hukumomi sun ce an zuba ƙarti masu gadi don kada wani ya karya azumi ko ya gudu. A duba wannan jeri da kyau, domin shi ne hoton irin wannan mulki gaba ɗayansa. Wanda ya fi kowa rauni shi ne ya fara biya, wanda ya ba da umarni shi ne ya tsaya a bayan layi. Ranar da aka gurfanar da Mackenzie, da ƙafafunsa ya shiga kotu. A farkon 2024 aka tuhume shi tare da wasu mabiyansa da laifuffukan da suka haɗa da ta'addanci da kisan yara 191, shi kuwa ya musanta duka.

Abin takaici shi ne hukumomi ba su rasa labarinsa ba tun da wuri. An kama shi a 2017 kan hana yara karatu, an sake kama shi a 2019, sannan a watan Maris na 2023, bayan mutuwar wasu yara biyu da yunwa, aka kai shi kotu aka ba da belinsa a kan shilin 10,000 na Kenya, ya koma daji. Wata guda bayan haka aka fara tono.

Amma sakacin hukuma rabin magana ne. Tambayar da ta fi damun mu ita ce, ta yaya uwa za ta zauna tana kallon ɗanta yana kukan ƙishirwa, ga ruwa, ta hana shi? Har bayan an ceto wasu daga cikin mutanen an kai su wurin kulawa, sun ƙi karɓar abinci, sai da gwamnati ta kai mutum 65 kotu a watan Yuni na 2023 bisa tuhumar yunƙurin kashe kansu. Ba sarƙa a ƙafarsu a lokacin, ba ɗan gadi a kansu. Abin da ya ɗaure su wata koyarwa ce da aka daɗe ana shuka musu, cewa muryar shugaba muryar Allah ce, yi masa tambaya tawaye ne, kuma duk shakkar da ta taso a zuciya raɗar Shaiɗan ce da ya kamata a danne.

Wannan koyarwa ba Mackenzie ne ya ƙirƙiro ta ba, kuma ba a daji kaɗai ake samun ta ba. A Amurka an yi wani mai wa'azi, Bill Gothard, wanda ya shafe shekaru yana cika manyan zauruka da darasinsa na laimar iko. Ana zana laima babba, ita ce Almasihu, a ƙarƙashinta laimar miji, a ƙarƙashin wannan ta mata, yara kuma a can ƙasa. Wai duk wanda ya fita daga ƙarƙashin laimar wanda ke samansa, ruwan masifa zai doke shi, kuma laifinsa ne. A shekarar 2014 Gothard ya sauka daga shugabancin cibiyarsa bayan mata fiye da 30 sun zarge shi da cin zarafi, zargin da ya musanta. Tun kafin nan, a shekarun 1970, an yi wata tafiya a jihar Fulorida inda aka ce dole kowane Kirista ya kasance da makiyayi na kansa da zai nemi izininsa kafin ya yi aure, ko ya sauya aiki, ko ya ƙaura. Ɓarnar da abin ya yi ta kai ɗaya daga cikin jagororinta, Bob Mumford, ya fito fili a 1989 ya nemi gafarar jama'a. Irin wannan tsani ne muke gani yau a wasu majami'u na nahiyarmu, inda ake kiran shugaba Baba ko Dadi, a durƙusa a gaishe shi, a ɗauki jakarsa, kuma ba mai ikon tambayar inda kuɗin baiko da ushiri suke tafiya.

Maƙwabtanmu na Najeriya ba su manta da Chukwuemeka Ezeugo ba, wanda aka fi sani da Rabaran King. A 2006 ya zargi wasu mabiyansa da fasikanci, ya sa aka watsa musu fetur aka cinna wuta, wata budurwa ta mutu. Kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016. Duk da haka an ci gaba da ganin mabiyansa suna sayen shafi a jaridu suna taya shi murnar ranar haihuwa.

To, shin addinin Kirista ne ya zo da wannan? Mun duba abin da ke cikin littafinsu, kuma amsar da muka samu ita ce a'a. Gaskiya ne akwai aya a cikin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa da ke umartar masu bi su saurari shugabanninsu, amma a cikin ayar nan ɗin aka tunatar da cewa shugabannin za su ba da lissafi a kan rayukan da aka ba su amana. Akwai kuma wadda masu son mulki suka fi ƙauna, a Zabura ta 105, inda aka hana taɓa shafaffu na Allah. Da zarar an tambayi fasto ina kuɗin gini, sai ya jawo ta. Alhali duk wanda ya karanta zaburar daga farko zai ga cewa labarin Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙub ake bayarwa, lokacin da suke 'yan ƙalilan, baƙi masu yawo a ƙasar wasu, Allah ya gargaɗi sarakuna kada su cuce su. Kariya ce ga mara ƙarfi daga mai ƙarfi. Yau an juya ta, mai ƙarfi ne ke ɗaga ta don rufe bakin mara ƙarfi. Kuma ko Dauda, wanda aka shafe shi sarki, da ya ƙwace matar sojansa ya sa aka kashe mijin, Annabi Natan ya shiga har fada ya faɗa masa laifinsa ido da ido, littafin kuma Natan ya ba gaskiya.

A nan ne muke ganin 'yan kasuwa sun fi kowa saurin fahimtar zancen. Kalmar da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita a harshen Helenanci, inda aka umarci masu bi su gwada ruhohi, su gwada kowace magana kafin su riƙe ta, kalma ce da ake amfani da ita wajen gwada tsabar kuɗi da ƙarfe, a ga na gaske ne ko jabu. Malaman coci na farko a Iskandariya ta ƙasar Masar, irin su Kilemen da Orijin, sun sha kwaɗaitar da almajiransu su zama kamar ƙwararrun 'yan canji. Kowa ya san yadda ɗan canji yake yi a Illela ko Jibiya. Ko aminin shekara ashirin ne ya miƙo masa bandir, sai ya warware, ya ƙirga, ya ɗaga takarda sama ya duba, ya murza ta da yatsa. Ba wanda ke cewa ya raina amininsa. Mai sayen wake yana soka ƙarfe a cikin buhu ya ga abin da ke tsakiya, domin ya san ana iya zuba mai kyau a baki a ɓoye ƙwari a ƙasa. Mutumin da ba zai yarda ya yi cinikin biri a sama a kan buhun jika goma ba, me zai sa ya miƙa ransa da na iyalinsa ga wani ba tare da ya duba ba?

Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin mutanen wani gari mai suna Biriya. Manzo Bulus da kansa ya je musu da wa'azi, suka saurare shi da marmari, amma kullum sai su koma su buɗe littattafai su duba ko abin da ya faɗa haka yake. Marubucin bai kira su masu taurin kai ba, yabon su ya yi, ya ce sun fi na garin da ke gaba da su dattaku. Shi Bulus ɗin ya rubuta wa Galatiyawa cewa ko shi ne, ko mala'ika daga sama, ya zo musu da wata bishara dabam, kada su karɓa, kuma ya ba da labarin yadda ya tsawata wa Bitrus, babba a cikin manzanni, a gaban jama'a a Antakiya. A wasiƙarsa ga Timoti ya ce shugaban ikilisiya kada ya zama mai saurin duka ko mai son kuɗi, ya kuma shimfiɗa yadda za a karɓi ƙara a kan dattijon coci idan akwai shaidu biyu ko uku, a tsawata masa a fili. Ashe tun farko an san shugaba na iya ɓata, an kuma tanadi yadda za a yi da shi. Yesu kansa ya gargaɗi almajiransa kada su mulki juna irin na sarakunan duniya, ya wanke musu ƙafa, kuma lokacin da taro ya kwana uku yana binsa ba abinci, ya ƙi sallamar su da yunwa don kada su suma a hanya. A auna wannan da abin da aka yi a Shakahola da sunansa.

Batun mata shi ne ya fi nauyi, domin a kansu ne tsanin nan ya fi danna wa. Ana karanta wa mace ayar Wasiƙar Afisawa da ta ce ta yi wa mijinta biyayya, a tsallake wadda ke gabanta, mai cewa masu bi duka su riƙa sassauta wa juna, a kuma tsallake wadda ke bayanta, mai ɗora wa miji ƙaunar da za ta kai shi ga ba da ransa saboda matar. Idan ta zo da kumburin fuska, sai a ce ta koma ta ƙara haƙuri da addu'a. A watan Afrilu na 2022 fitacciyar mawaƙiyar bishara ta Najeriya, Osinachi Nwachukwu, ta rasu a Abuja. 'Yan uwanta da abokan aikinta suka fito suka ba da labarin irin azabar da ta daɗe tana sha a gidan aure, tana ɓoyewa, tana fatan Allah zai shiryi mijin. A watan Afrilu na 2025 wata babbar kotu a Abuja ta same shi da laifi ta yanke masa hukuncin kisa. Matar da muryarta ta cika filayen taro ta kasa ɗaga ta a kan abin da ke faruwa a ɗakinta, kuma babu shakka akwai irinta da yawa da ba wanda ya san sunansu.

Alhali littafin da ake kafa musu hujja da shi cike yake da matan da aka yaba saboda sun ƙi bin umarnin banza. Ungozomomi biyu na Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, Fir'auna ya umarce su su kashe duk jariri namiji, suka ƙi, Allah ya saka musu da alheri. Abigail, matar wani attajiri mai taurin kai da ake kira Nabal, ta ji cewa mijinta ya wulaƙanta manzannin Dauda, kuma Dauda na tafe da mayaƙa 400. Ba ta tsaya neman izini ba. Ta labta wa jakuna abinci ta tare shi a hanya, ta ceci gidan gaba ɗaya, Dauda kuma ya yaba hankalinta. Sai labarin Hananiya da matarsa Safiratu, wanda ya fi kusa da sha'anin kasuwa. Sun sayar da fili, suka ɓoye wani abu daga kuɗin, suka ce duka ke nan. Da matar ta shigo bayan mijin, Bitrus ya tambaye ta ita kaɗai nawa aka sayar, ta maimaita ƙaryar mijinta, hukuncin da ya same shi ya same ta. Ba a ce ai mace ce, umarnin miji ta bi ba. An ɗauke ta a matsayin mai hankalin kanta, mai amsa tambayar kanta. A cikin labarin nan ne kuma Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa ya kawo. Wannan ya isa amsa ga duk mai cewa sai ka sayar da rumfarka ka kawo masa kuɗin kafin ka shiga aljanna.

Don adalci, ba maza kaɗai ke hawa wannan kujera ba. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, inda aka rufe ɗaruruwan mutane a cikin majami'a aka cinna wuta ranar 17 ga Maris, 2000, kuma jimillar waɗanda suka mutu har da na ramukan da aka gano daga baya ta haura 700, akwai mace mai suna Credonia Mwerinde a sahun gaba na shugabanni. A can ma an sa mabiya sun sayar da dukiyarsu saboda duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, an kuma hana su magana sai da alamar hannu. Da ranar ta wuce duniya ba ta tashi ba, wasu suka fara neman a mayar musu da kayansu, sai wuta ta biyo baya. Ciwon dai ɗaya ne, mutum guda ko 'yan tsiraru a sama, ba mai tambayar su.

Ba muna cewa mabiyi ya zama mai gardama da kowace magana ba. Kasuwa ma ba ta tafiya ba sarkin kasuwa, tasha ba ta tafiya ba shugabanni, kuma mafi yawan fastocin da muka sani a garuruwanmu talakawa ne masu noma da ƙananan sana'o'i, waɗanda dattawan coci ke zama da su a duba littafin kuɗi, a sauya musu wurin aiki in lokaci ya yi. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin Galmi, wanda 'yan mishan suka buɗe tun 1950, ya san cewa Kiristanci bai haramta magani ba. Bambancin yana ga wanda za a iya tambaya da wanda ba za a iya ba. Shugaban da ya ce daga Allah yake karɓar umarni kai tsaye don haka ba shi da na gaba, wanda ya raba ka da iyayenka da sunan su maƙiyan ci gabanka ne, wanda ya hana ɗanka makaranta alhali nasa suna karatu, wanda ke kiran matar aure ko budurwa ɗakinsa da dare wai addu'a ta musamman, wannan ko da wace irin mu'ujiza ya zo, a ɗaga takardarsa sama a duba. Hausawa Kiristoci ba su da uzuri a nan, domin tun 1932 aka fassara musu Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da harshensu. Wanda bai iya karatu ba, yana da ɗa ko maƙwabci da zai karanta masa ayar da ke gaba da wadda ke baya.

Kada kuma wani cikin masu karatunmu Musulmi ya ɗauki wannan sharhi ya mai da shi abin gori ga maƙwabcinsa. Waɗanda suka manyanta sun tuna Muhammadu Marwa Maitatsine da abin da makauniyar biyayya gare shi ta jawo a Kano a watan Disamba na 1980, inda mutane fiye da 4,000 suka hallaka. Mun kuma ga yadda aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 saboda zanen da wata jarida ta yi a Faransa, wanda Kiristocin Nijar ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Matasan da suka ɗauki fetur a ranar, su ma wani suka bi ba tare da sun tambaya ba.

Wannan ne ma ya sa muke taka-tsantsan da masu cewa gwamnati ta shigo da sanda. Ruwanda ta kafa doka a 2018 da ta wajabta wa masu wa'azi samun takardar ilimin addini, ta kuma rufe dubban wuraren ibada. Kamaru ta rufe majami'u da dama a 2013. A Kenya, Shugaba William Ruto ya kafa kwamiti a 2023 ƙarƙashin Rabaran Mutava Musyimi don duba yadda za a sa ido a kan ƙungiyoyin addini. Akwai amfani a wasu daga cikin waɗannan matakai, amma a ƙasar da Kiristoci tsiraru ne, doka irin wannan tana iya zama makami a hannun wanda dama can neman dalili yake yi. Kuma takardar makaranta ba ta hana zalunci, domin a cikin shugabannin Kanungu har da tsohon limamin Katolika mai zurfin karatu. Abin da ya kuɓutar da Mackenzie shekara da shekaru ba rashin doka ba ne. Hana yaro abinci laifi ne a Kenya tun kafin a haife shi. Rashin bin diddigi ne, da tsoron da ɗan sanda da alƙali ke ji idan aka ce mutumin Allah ne a gabansu.

Saboda haka muna kira ga hukumomin shari'a da na tsaro a ƙasashenmu da su ɗauki ƙarar da ta shafi yaro ko mace da muhimmanci ɗaya, ko wanda ake ƙara fasto ne, ko malami ne, ko ɗan dako. Muna kira ga ƙungiyoyin majami'u da su daina rufa wa nasu asiri da sunan kare mutuncin addini, su buɗe ƙofar da mace za ta kai kuka ba tare da an mayar da ita hannun wanda ya doke ta ba, kuma su sa mata a cikin waɗanda za su saurari ƙarar. Gidajen rediyo da talabijin masu sayar da lokaci ga duk mai wa'azin da ya biya, su ma su riƙa sauraron kaset kafin su sa, domin Mackenzie da tashar talabijin ya tara jama'arsa.

Ku kuma 'yan uwa 'yan kasuwa, ku ne kuke fara gani. Idan abokin ciniki ya zo yana neman karyar da kayansa a rabin kuɗi don zai bi wani bawan Allah zuwa wani wuri, ko maƙwabciyar rumfa ta cire 'ya'yanta daga makaranta ta daina gaisawa da danginta, kada garaɓasar ta rufe muku ido. Ku tambaye shi, ku nemi 'yan uwansa, ku sanar da dattawan cocinsa na asali ko mai unguwa. A Shakahola ma, dangin da suka ƙi yin shiru, suka yi ta sintiri tsakanin ofishin 'yan sanda da masu kare haƙƙin ɗan Adam suna neman 'ya'yansu da jikokinsu, su ne suka sa aka shiga dajin.